Rubuta Ƙudurin Bincike daga Fage zuwa Takarda: Gwaji da Cadakori da Kewayenta a Jihar Maraɗi

Tsakure

Maƙalar ta duba yadda ake rubuta ƙudurin bincike na ilimi, wato takardar da ɗalibi ko manazarci yake gabatarwa domin a amince masa ya shiga fage, ko a ba shi kuɗin aiki. An ɗauki Cadakori, a gundumar Gidan Runji ta jihar Maraɗi, tare da gundumomin Agye da Gazawa, a matsayin fagen gwaji. Matsayar maƙalar ita ce, ingancin ƙuduri ya rataya ne a kan abubuwa uku da littattafan dabarun bincike ba su cika tsayawa a kansu ba: wa za a ƙirga, da me za a auna, kuma yaushe za a je.

1.0 Gabatarwa

Tun da aka kafa jami'a a Maraɗi a 2010, wadda yau take amsa sunan Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, ɗaliban yankin suka samu damar yin digiri ba tare da tafiya Yamai ba. Tsarin karatun da jami'o'in Nijar suke bi, mai matakai uku na lisans da masta da daktora, ya wajabta rubuta kundi, kundi kuwa ba a fara shi sai malamin da ke duba aikin ya amince da ƙuduri. Ga ɗalibin noma ko muhalli ko lafiyar al'umma, garuruwan Gidan Runji da Agye da Gazawa su ne fage mafi kusa kuma mafi araha, domin babbar hanyar ƙasa mai lamba ɗaya ta ratsa dukkansu.

Cadakori ƙaramar hukuma ce ta karkara, ɗaya daga cikin biyar na gundumar Gidan Runji. Sauran su ne Gidan Runji kanta, Tsibiri, Gidan Sori da Saye Sabuwa. An zaɓe ta ne saboda wani dalili na tarihin kusa. Daga 2019, hare-haren 'yan bindiga a Zamfara da Sakkwato da Katsina sun koro dubban mutane zuwa jihar Maraɗi. Gwamnatin Nijar da hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da 'yan gudun hijira sun ɗauke wasunsu daga bakin iyaka, suka tsugunar da su kusa da garuruwa uku: Cadakori, Garin Kaka da Ɗan Daji Makau. Wannan ya haɗa tsohuwar matsalar ƙarancin gona da sabuwar jama'a a wuri ɗaya, ya kuma sa wurin ya dace da gwada kowane sashe na ƙuduri. Manufar maƙalar ita ce nuna yadda ake gina waɗannan sassa da kayan da fagen ya bayar.

2.0 Bitar Ra'ayoyin Magabata

Ayyukan da suka shafi wannan batu sun kasu gida biyu, kuma ba su cika haɗuwa a hannun ɗalibi ɗaya ba.

Gida na farko shi ne na littattafan dabaru. Quivy da Van Campenhoudt (1988), waɗanda aka fi karantawa a jami'o'i masu amfani da Faransanci, sun jera aikin bincike a matakai bakwai, suka sa tambayar farawa a gaba, da sharaɗin ta kasance bayyananniya, mai yiwuwa, kuma mai dacewa. Swales (1990) ya nuna cewa gabatarwar ilimi takan yi taku uku: shata fili, nuna giɓi, sannan cike giɓin. Przeworski da Salomon (1988) sun leƙa ta ɓangaren mai tantancewa, suka ce abin da yake nema a ƙuduri bai wuce uku ba: me za a ƙaru da shi, me ya sa ya cancanci a sani, kuma ta yaya za a tabbatar da ingancin sakamakon. A fagen nazarin Hausa, ƙamus ɗin keɓaɓɓun kalmomi da Ɗalhatu Muhammad ya tace (1990) ya taimaka wajen daidaita kalmomin fannu. Amfanin waɗannan ayyuka ba abin musu ba ne. Rauninsu a nan shi ne, sun ɗauka cewa manazarci yana da jerin sunaye na zamani, da ma'auni ɗaya da kowa ya yarda da shi, da fagen da yake buɗe duk shekara.

Gida na biyu shi ne na waɗanda suka yi aiki a ƙasar Maraɗi kanta. Guy Nicolas (1975) ya nazarci tsarin zamantakewar Hausawan kwarin Maraɗi. Claude Raynaut ya shafe shekaru yana bin sauye-sauyen noma da mallakar gona a yankin. Emmanuel Grégoire (1986) ya rubuta a kan alhazan birni, Barbara Cooper (1997) kuma a kan aure da matsayin mata. Diarra da Monimart (2006) sun nuna yadda matsin gona a kudancin Maraɗi yake fitar da mata daga noma. Ta fuskar dabara, Olivier de Sardan (2008), ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa cibiyar LASDEL a Yamai a 2001, ya kare cewa binciken hira da lura yana da tasa tsantseni, ba ya ƙasa da na ƙididdiga. Chambers (1983) kuwa ya lissafa son-zuciyar da ke karkatar da mai ziyarar karkara: bin bakin kwalta, zuwa inda aikin raya karkara ya riga ya sauka, ganawa da manya da maza kaɗai, da zuwa da rani. Wannan maƙala ta ɗora ne a kan gida na biyu domin gyara yadda ake amfani da na farko.

3.0 Hanyar Gudanar da Nazari

Nazarin na tebur ne, ba rahoton binciken fage ba. An ƙirƙiri ƙuduri guda na misali a kan yadda baƙin da aka tsugunar a Cadakori suke samun gonar nomawa. An bi sassansa ɗaya bayan ɗaya, ana auna kowanne da abin da aka riga aka sani game da yankin ta hanyar ayyukan da aka ambata, da ƙidayar jama'a ta 2012, da dokokin ƙasa. Tambayoyi da hasashen da za a gani a ƙasa misalai ne na rubutu. Ba sakamako ba ne.

4.0 Nazari

4.1 Take, Tambaya da Hasashe

Taken da yakan fara zuwa wa ɗalibi shi ne irin wannan: "Tasirin 'yan gudun hijira a kan ci gaban jihar Maraɗi". Jihar da ƙidayar 2012 ta ba mutum 3,402,094 ba ta shiga kundin masta, "ci gaba" kuma ba shi da bakin da za a kama a auna. Haka nan "tasiri" da'awa ce ta sababi, wadda take bukatar sanin yadda wurin yake kafin zuwan baƙin, ko wani wuri makamancinsa da ba su je ba. Idan babu ɗaya daga cikin biyun, a bar da'awar.

Tambayar da za ta iya tsayawa ita ce: ta waɗanne hanyoyi magidantan da aka tsugunar a Cadakori suke samun gonar nomawa, kuma a kan waɗanne sharuɗɗa? Tana da wuri, tana da mutane, amsarta kuma tana iya faɗawa cikin rukunan da manoman yankin suka sani: aro, haya, jingina, saye, kyauta, ko ƙwadago a gonar wani. Daga nan hasashe yake fitowa: baƙon da yake da dangi ko surukai a cikin 'yan gari ya fi samun aro ba tare da rubutu ba, wanda ba shi da su kuma ya fi komawa haya ko ƙwadago. Darajar wannan hasashe ita ce, fage zai iya ƙaryata shi. Manufofi kada su wuce biyu ko uku, kowacce kuma a ga tambayar da ta haife ta da kayan aikin da zai amsa ta.

4.2 Bitar Ayyuka da Nuna Giɓi

Kuskuren da ya fi yawa a wannan sashe shi ne cewa "ba a taɓa yin bincike a kan wannan ba". A ƙasar Maraɗi da wuya wannan magana ta zama gaskiya. Misali mafi bayyana shi ne sassabin zamani, wato barin tohon kututture ya girma a cikin gona maimakon a share shi. Tony Rinaudo ya fara yaɗa dabarar a Maraɗi a wajajen 1983. Reij da Tappan da Smale (2009) sun ƙiyasta cewa ta shafi kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 a kudancin Nijar. Garin Ɗan Saga na gundumar Agye, inda asusun raya noma na duniya ya daɗe yana aiki, ya zama zangon masu bincike da baƙi. Ƙudurin da ya yi alkawarin tabbatar da cewa sassabin zamani yana ƙara itatuwa bai ƙara kome ba. Giɓin yana wani gefe: idan gonar aro ce, wa yake da gawo ko kalgon da mai aro ya raina? Shin mai gona yana barin baƙo ya raini itace a gonarsa, alhali itace na iya zama hujjar mallaka gobe? Irin wannan giɓi ne taku na biyu na Swales yake nufi, kuma ba a gano shi sai an karanta har an gaji.

A nan ma ya kamata a bambanta rahoton hukumar agaji da aikin ilimi. Rahoto yana da amfani wajen adadi da kwanan wata, amma an rubuta shi ne domin mai ba da kuɗi, kuma yakan ƙirga abin da aikin ya raba, ba abin da mutane suka yi da shi ba. A yi amfani da shi a matsayin bayani, kada a ɗauke shi ra'i.

4.3 Rukunin Nazari da Ma'auni

Wannan shi ne sashen da ya fi bukatar natsuwa, shi ne kuma aka fi taƙaitawa da jimla ɗaya: "za a yi hira da magidanta". Wane ne magidanci? A gidan Bahaushen karkara ana iya samun uba da 'ya'yansa masu aure a cikin danga ɗaya, suna noma gandu tare, amma kowa yana da gamanarsa, matan ma kowace da tata idan gona ta isa, tukunya kuma tana iya zama ɗaya da damina ta rabu da rani. Idan rukunin nazari "gida" ne, za a samu amsa ɗaya. Idan "masu ci daga tukunya ɗaya" ne, za a samu wata. Idan "gona" ce, wata daban. A ɓangaren baƙi akwai ƙarin sarƙaƙiya, domin katin rajista na iya raba gida guda zuwa iyalai da yawa, ko ya nuna mace a matsayin shugabar iyali alhali mijinta yana zuwa yana komawa. Ga tambayar da aka tsayar a 4.1, rukunin da ya fi dacewa shi ne gona, domin mutum ɗaya na iya riƙe ɗaya ta aro da wata ta haya. Ƙuduri ya faɗi wannan zaɓi da dalilinsa. Ya kuma tanadi mace mai tambaya, domin wanda ya tsaya a zaure da maigida ba zai ji labarin gamanar mata ba, wadda ita ce Diarra da Monimart suka nuna tana fara salwanta idan gona ta yi ƙaranci.

Sai ma'auni. Takardar tambayoyi takan nemi faɗin gona da hekta, amfanin gona da kilo. Manomi kuwa da dami yake lissafin hatsinsa, da tiya yake aunawa, gonarsa kuma yakan kwatanta ta da yawan irin da take ci ko damman da take bayarwa. Tiyar hatsi tana kai kusan kilo 2.5, amma ta wake ko ta aya ba nauyinsu ɗaya ba, cikar tiya kuma ta danganta da hannun ma'auni. Dami ya fi wannan rikici, domin girmansa yana bambanta daga gari zuwa gari, abin da yake fitarwa bayan sussuka kuma yana bambanta daga shekara zuwa shekara. Carletto da abokan aikinsa (2013) sun nuna cewa faɗin da manomi ya faɗa da baki yakan sha bamban da wanda na'urar tauraron ɗan'adam ta auna, masu ƙananan gonaki sukan ƙara, masu manya sukan rage. Mafita ita ce ƙuduri ya tanadi abu biyu: a rubuta amsa da ma'aunin da aka faɗe ta, sannan a auna wasu dammai da wasu gonaki a kowane gari domin fitar da ƙa'idar juyawa. Sikeli da na'urar awo su fito a kasafi.

Kuɗi ma haka. A kasuwannin Nijar da dala ake ƙirga sefa, dala ɗaya sefa biyar, saboda haka wanda ya ce ya biya "ɗari" yana nufin sefa 500, jika kuma sefa 1,000. Baƙon da ya zo daga Sabon Birni ko Isa yana iya ba da lissafinsa da naira, nairar da darajarta ta faɗi ƙwarai bayan Yunin 2023. Mai tambaya da bai rubuta nau'in kuɗi da canjin ranar ba ya tara lambobin da ba za a iya haɗawa ba, kuma babu manhajar ƙididdiga da za ta gyara wannan daga baya.

4.4 Zaɓen Samfuri

Ƙudurori da yawa suna kawo lambar 384. Asalinta ƙa'idar Cochran ce, bisa amincin kashi 95 cikin ɗari da kuskuren kashi 5, kuma tana aiki ne idan an zaɓi kowane mutum ta hanyar ƙuri'a daga cikakken jeri. Idan garuruwa aka fara zaɓa sannan gidaje a cikinsu, dole a ninka da ma'aunin tasirin tsari. Idan an ɗauke shi 2, samfurin ya koma 768, wanda ya fi ƙarfin aljihun ɗalibi. Jerin ma matsala ne. Ƙidayar 2012 ta nuna jama'ar Nijar na ƙaruwa da kashi 3.9 cikin ɗari a shekara, wato tana ninkawa cikin kimanin shekara 18, baƙin 2019 kuma ba sa cikinta. Jerin masu biyan haraji da ke hannun maigari yana iya tsallake sababbin gidaje. Gwamma ɗalibi ya taƙaita ga unguwanni kaɗan, ya zagaya ya rubuta gidajensu da kansa, ya yi ƙuri'a daga wannan jeri, ya haɗa da hira mai zurfi da masu gona da masu aro da mambobin hukumar kula da filaye, sannan ya faɗi iyakar abin da sakamakonsa zai iya wakilta.

Hukumomin filayen sun samo tushe daga dokar karkara ta 2 ga Maris 1993, suna da matakin gunduma da na ƙaramar hukuma da na gari, kuma suna rubuta takardun saye da kyauta da aro da haya da jingina. Rajistarsu madogara ce ta biyu. Tazarar da ke tsakanin abin da aka rubuta a can da abin da aka faɗa a hira ita kanta sakamako ce.

4.5 Jadawalin Aiki

Jadawalin da aka zana bisa zangon karatu kaɗai yakan kai ɗalibi fage tsakanin Fabrairu da Mayu. A lokacin matasa da yawa sun tafi biɗa, gonaki fayau suke, abin da aka girbe kuma sai dai a tuna. Yarjejeniyar aro da haya ana ƙulla ta ne gab da faɗuwar ruwa, amfanin gona ana auna shi da kaka, a Satumba da Oktoba. Ƙudurin misalin nan yana bukatar zuwa biyu ke nan, ɗaya a ƙarshen bazara ɗaya da kaka. Da damina mutane suna gona tun safe, hira sai da yamma. Ranar kasuwa da ta Juma'a da watan azumi duk a cire su ko a rage musu nauyi.

Neman izini ma aiki ne mai cin makonni: takarda daga jami'a, gabatar da kai ga shugaban gunduma, ga mai riƙon ƙaramar hukuma (tun Afrilun 2024 aka rusa zaɓaɓɓun majalisun ƙananan hukumomi), ga sarki da maigari, ga kuma masu kula da matsugunin baƙi. Tsallake sarauta a wannan yanki ba gajerar hanya ba ce. Saboda yanayin tsaro a garuruwan bakin iyaka, ƙuduri ya ambaci garin da zai maye gurbi idan hanya ta rufe, da sharaɗin da zai sa a dakatar da aiki.

4.6 Ɗa'ar Bincike

Sanarwar Helsinki ta 1964 ta jaddada ƙa'idar neman yarda a binciken lafiya, Nijar kuma tana da kwamitin ƙasa mai tantance irin wannan bincike, da dokar kare bayanan mutane tun 2017. Abin da ƙuduri zai ƙara shi ne yadda za a aiwatar. A wurin da aka saba ganin mai takarda da alƙalami yana rubuta sunaye kafin rabon cimaka, duk mai tambaya ana iya ɗaukarsa ma'aikacin agaji, amsa kuma ta karkata zuwa ga nuna rashi. Kalaman neman yarda su fito a rataye da Hausa, su bayyana ƙarara cewa babu taimakon da zai biyo bayan hirar. Ga wanda ba ya rubutun boko, yarda ta baki a gaban shaida ta wadatar. Sunaye a sauya su da lambobi, domin maganar gona tana iya tayar da shari'a, maganar dalilin gudu kuma tana iya jefa dangin da suka rage a gida cikin haɗari. Tambayar da ba ta hidima ga manufa, musamman wadda ta shafi abin da mutum ya gani ranar hari, a cire ta.

4.7 Kasafi da Kare Ƙuduri

Kasafi shi ne ƙudurin da aka sake rubutawa da lambobi, kuma mai tantancewa yakan gane rashin shiri daga nan. Kowane aiki da aka ambata a 4.3 zuwa 4.5 ya samu layinsa: kuɗin mota da kabu-kabu na zuwa biyu, ladan mace mai tambaya, tafinta idan za a zanta da Fulani ko Buzaye, gwajin takardar tambayoyi a garin da ba ya cikin samfuri, da kwafe hirarraki, wanda yake cin awoyi da dama a kan kowace awa guda ta magana. Idan da Hausa aka yi hira kuma da Faransanci za a rubuta kundi, a ajiye asalin Hausar a rataye domin mai dubawa ya iya komawa gare ta. A ware kuɗin komawa Cadakori a karanta wa waɗanda aka tambaya abin da aka samu, su gyara inda aka fahimce su a karkace.

A ranar kare ƙuduri, tambayar da ta fi dacewa kwamiti ya fara yi ita ce ko ɗalibin ya taka fagen kafin ya rubuta. Shawarar wannan maƙala ga sassan jami'a ita ce su wajabta rataye mai shafi ɗaya na ziyarar share fage, wanda zai nuna hukumomin da aka gana da su, jerin gidajen da aka samu da shekararsa, nauyin tiya da na dami kamar yadda aka auna a garin, da tambayoyin da aka sauya bayan gwaji.